Russell Malone ya mutu a Tokyo: wa ke tuna mai kiɗan da ke bayan mawaƙi?

Mai Jita, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san a zauren nan waƙoƙinmu na gida aka fi tattaunawa, to amma ku yi mini haƙuri yau in kawo maganar baƙo. Russell Malone, makaɗin jita na kiɗan jaz, ɗan Amurka, ya mutu ranar 23 ga Agusta 2024 a Tokyo yana da shekara 60. Zuciya ce ta buga, bayan sun gama wasa a gidan kiɗa na Blue Note. Yawon wasa suke yi su uku, shi da Ron Carter mai kaɗa bes da Donald Vega mai fiyano. Na nemi wanda zan yi zancen da shi a Gusau na rasa. Na gaya wa yaron da muke aiki tare a situdiyo, ya ce Allah sarki, ya ci gaba da danne-dannen kwamfutarsa. Ban ga laifinsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, an haife shi a 1963 a garin Albany na jihar Jojiya. A coci ya fara tun yana ɗan mitsitsi, da 'yar jitar wasan yara da mahaifiyarsa ta saya masa. Da kunne ya koya, daga faifai. Yana shekara 12 ya ga George Benson a talabijin yana kiɗa tare da Benny Goodman, tun daga ranar ya san inda ya dosa.

Akwai labarin da shi da bakinsa ya sha bayarwa, na haɗuwarsa da Jimmy Smith, gwanin nan na kiɗan ogan, wani abin kiɗa mai kama da fiyano. Yana saurayi, jini na tafasa, aka ba shi dama ya hau ya yi kiɗa tare da Smith a Atlanta. Ya zazzage duk abin da ya iya, yatsu na gudu, jama'a na tafi, kai ya kumbura. Sai dattijon ya ja wata waƙa mai sanyi, a hankali, wadda yaron bai sani ba. Nan ya tsaya yana lalube a gaban mutane. Da aka tashi Smith bai kore shi ba, ya zaunar da shi yana nuna masa har gari ya waye, kuma a 1988 ya ɗauke shi aiki. Daga nan ya yi wa mawaƙi Harry Connick Jr. kiɗa, sannan mawaƙiya Diana Krall, sannan Ron Carter. Yana da faifai nasa na kansa, na farko ya fito a 1992, amma ni ba su ne suka kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda yake zama a bayan wani.

Bari in yi bayani, don a nan maganar take. Ƙungiyar Ron Carter ta mutum uku da Malone ke ciki ba ta da mai ganga. Fiyano ne, da jita, da bes, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. In babu ganga dole wani ya riƙe tafiyar kiɗan. Malone yakan sassauta yatsun hagu a kan tsirkiya don sautin ya mutu da wuri, hannun dama yana sharar su sau huɗu a kowane zagaye, cak, cak, cak, cak, ƙasa-ƙasa, ba za ka ma lura yana yi ba sai ya daina. In mai fiyano ya cika wuri, sai ya janye. In mawaƙiya ta tsaya jan numfashi, sai ya jefa 'yan sautuka biyu ko uku a gurbin, ya koma kafin ta buɗe baki. Mutum ne da zai iya gudu ya bar kowa a baya, ya zauna cikin kwat ɗinsa yana wa wani hidima. Bayan mutuwarsa Carter, wanda shi kansa a lokacin yana da shekara 87, ya ƙarasa yawon shi da Vega su biyu, suka bar kujerar da Malone yake zama a kan dandamali.

Ni aikina ke nan a ƙaramin mataki. Ina bin mawaƙan biki a nan Gusau, wani lokaci har Tsafe ko Talata Mafara in hanya ta yi kyau. Yawanci ma yanzu ba a neman mu, mai fiyano ɗaya ya isa, ya danna ganga ta fito, ya danna kalangu ya fito. In an kira ni, a gefe ake ajiye ni kusa da janareta. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, bidiyo fuskarsa yake ɗauka, in waƙa ta hau YouTube sunansa ne kaɗai. Ba ƙorafi nake yi ba, da yawansu suna sallamarmu da kyau. Amma da na ga yadda manyan makaɗan duniya suka riƙa rubutu a kan Malone, kowa yana faɗin yadda ya ji daɗin kiɗa in yana bayansa, sai tambaya ta taso mini.

Mu nan, wa ke tuna na baya? Kowa ya san Shata, kowa ya san Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru. Amma cikinmu mutum nawa ne zai iya kawo sunan masu kalangun da suka riƙe wa Shata kiɗa, ko masu kotson da ke bayan Ɗanƙwairo? Laifin mawaƙan ne, ko namu masu sauraro, ko haka al'adar take? Sannan ko akwai wanda yake jin jaz a zauren nan, in san ba ni kaɗai ba ne?

Tsohon Malami, Argungu

Wa alaikumus salam ɗana. Ba kai kaɗai ba ne, sai dai kai ka zo a makare. Mu tun muna kwalejin horon malamai munka fara jin wanga kiɗi, ta gajeren zango. Muryar Amurka na da shiri na jaz da Willis Conover ke gabatarwa, ya fara a 1955 ya riƙe shi har mutuwarsa a 1996. Turancinsa a hankali yake, kalma bayan kalma, shi ya sa malaminmu na Turanci ya ce mu riƙa saurare. Don Turanci munka je, kiɗi ya riƙe wasunmu. Rediyon batir ce, ka ɗaura waya a eriya ka rataya a taga, sauti ya zo ya tafi, sai ka kama tsakiyar waƙa ka rasa ƙarshenta.

Na ji Malone kuma na yarda gwani ne, amma in ka tambaye ni, rijiyar da ya sha ita ce makaɗin jita Wes Montgomery, kuma can ya kamata ka koma. Wes mutumin Indiyanapolis ne. Da rana walda yake yi a masana'anta, da dare ya tafi kiɗi, don yana da iyali da yawa. Da babban yatsa yake kaɗa tsirkiya, ba da ɗan robar nan ba, kuma dalili shi ne dare yake koyo, ba ya son ya tada mutanen gida da maƙwabta. Abin da ya yi don gudun damun mutane shi ya zama sautin da duniya ta san shi da shi, mai taushi, mai kauri. Shi ma da kunne ya kwashe kiɗin Charlie Christian daga faifai. Wani makaɗin jaz, Cannonball Adderley, ya ji shi a 1959 ya kai labari ga kamfanin faifai na Riverside. Shekara tara kacal bayan haka, a 1968, zuciya ta buga mashi a gida yana da shekara 45. Ka ga su biyun hanya guda sunka bi.

Kuma in zancen zama a baya kake, sarkin wanga fanni Freddie Green ne, wanda ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie, daga 1937 har ya mutu a 1987, yana wannan cak, cak ɗin da ka faɗi, da wuya ka ji ya fito gaba shi kaɗai. Duk da haka babu mai son jaz da bai san sunansa ba.

To mi ya sa? Ni ban ɗora laifi ga mawaƙanmu ba. Ka saurari tsoffin waƙoƙi da kyau, za ka ji ubangida yana kiran yaransa da suna a tsakiyar waƙa, yana zuga mai kiɗi, yana wasa shi, wani lokaci har ya yi mashi ba'a. Kuma ƙungiyar makaɗan fada tana da tsari, akwai Daudun kiɗi, akwai sanƙira, kowa da matsayinsa kuma garin ya san shi. Shi kansa Ɗanƙwairo ya daɗe yana bayan yayansa Kurna kafin ya ja ƙungiya. Bambancin a rubutu yake. Su can, bayan kowane faifai an rubuta wa ya kaɗa mi, a ina, wace rana. Conover ma in ya sa waƙa sai ya karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa kaset ne a kasuwa, mai shago ya kwafa daga wani kwafi, ya sa biro ya rubuta sunan mawaƙi a jiki, shi ke nan. Da mutanen da sunka san fuskokin sunka ƙare, sunayen sunka bi su.

Ɗan Kasuwar Shinkafi

Malam, ban raina maka abin da kake so ba. Amma mutum ya mutu a Tokyo cikin kwat, jaridun duniya sun rubuta, mu nan kullum ana binne mutane ko sunansu ba a kawowa a labarai. Ni wannan ne ya fi damuna da sunan mai kalangu. Allah ya kawo mana zaman lafiya kawai.

Ɗan Kwaya, Zuru

Amin ɗan'uwa na Shinkafi, babu wanda abin bai taɓa ba, mu ma nan ƙasar Zuru mun ɗanɗana.

Mai Jita, da ka ce a coci ya fara sai na gane komai, don nan ne makarantar zama a baya. Ni nake riƙe jita a majami'armu. Ranar da zumuntar mata za su yi waƙa babu wanda zai gaya maka a wane sauti za a fara. Uwar waƙa za ta ɗauko ta inda muryarta ta kama a ranar, yau sama gobe ƙasa, tuluna da kacau-kacau su shiga, kai kuma kana da layi ɗaya kacal ka lalubo ta a kan tsirkiya a hankali yadda ba wanda zai ji kana nema. In ka same ta ba mai yaba maka. In ka kuskure duk mata su waiwayo. Wanda ya tashi a haka kunnensa yana wajen mai waƙa ne, ba wajen yatsunsa ba, kuma ana jin wannan a kiɗan Malone.

Ga masu son ji, ku nemi faifan da ya yi da Diana Krall a 1996 na tunawa da ƙungiyar Nat King Cole, da wanda ya biyo baya a 1997 inda Christian McBride ya riƙe bes. Kusan duk babu ganga, don haka aikinsa a fili yake. Ku sa abin ji a kunne, ku bar muryar matar ta wuce, ku bi jitar kawai daga farko zuwa ƙarshe. Na Ron Carter kuma ku fara da na 2003, lokacin Mulgrew Miller ne a kan fiyano, kafin Vega ya gaje shi.

Abu ɗaya da ban yarda da kai ba shi ne yadda ka tsallake faifansa na kansa. Ka nemi inda yake kiɗa shi kaɗai ba kowa, waƙa mai sanyi. A nan za ka ji abin da Jimmy Smith ya koya masa a daren nan. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

'Yar Makaɗa, Ƙaura Namoda

Sallama gare ku. Ban san jaz ba kuma ban taɓa jin wanga bawan Allah ba, amma tambayar ta shafe ni, don mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai kotso ne kuma ɗan amshi. Shekarunsa duka a bayan wani makaɗin fada ya yi su. Ba zan faɗi suna ba.

Abin da nike tunawa shi ne shiri kafin a fita. Zai zauna a zaure ya ɗora kotso a cinya, ya ɗan gasa nake ya murza shi da babban yatsa a tsakiyar fatar, ya buga da yatsu ya kara kunne, ya ƙara ko ya kankare kaɗan, ya sake bugawa. Yana iya ɗaukar tsawon lokacin da za a dafa tuwo a kan wannan kawai, kuma ba a yi mashi magana. Mu yara mun ɗauka wasa yake. Ashe so yake sautin nashi ya zauna daidai da na sauran, kada ya fi su fitowa. Tafin hannunsa kuwa in ya shafa maka kai sai ka ji kaushi.

Baba na Argungu ya yi gaskiya, ana kiran su da suna cikin waƙa, kuma a garinsu ba ɓoyayyu ba ne. In an yi kyauta, doki ko riga ko kuɗi, hannun ubangida take shiga, shi ya raba, kuma ban taɓa jin mahaifinmu ya ce an zalunce shi ba. Amma ranar da ya rasu ba a faɗa a rediyo ba, ko da yake har gobe rediyon na sa waƙoƙin da hannunsa ke ciki. Mu a gida in an sa, mun san muryarsa cikin amshi, ita ce mai ɗan kauri da ke saura kaɗan bayan na sauran sun sauka. Ɗiyana sun iya nuna ta, jikokina ba su iya ba sai an nuna masu.

Shawarata, Malam Mai Jita, kada ka tsaya ga tambaya. Tsofaffin da sunka yi wanga aiki akwai sauransu a Maradun da Bakura da Faru da nan Ƙaura, wasu ba su gani sosai amma kunne na nan. Ka sa masu waƙa a waya, za su gaya maka wane ne wannan, wane ne wancan, wa ya mutu, wa ya bar kiɗi ya koma gona. Ku da kuka iya na'ura ku rubuta.

Mai Jita, Gusau

Na gode ƙwarai, ban zaci zan samu amsa irin wannan ba.

Ɗan'uwa na Shinkafi, ban musa maka ba. Akwai garuruwan da nake zuwa biki a da, yanzu ko an kira ni ba na iya zuwa, wasu ma ba a bikin. Ban kawo maganar nan don na manta da wancan ba.

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Bayanin da kika yi na nake, wato ya gyara sautinsa don kada ya fi na sauran fitowa, shi ne abin da na yi ta kewaye-kewaye ina son faɗa a kan Malone. In babu damuwa ki turo mini ɗaya daga cikin waƙoƙin ta akwatin sirri, ki gaya mini a minti na nawa zan kasa kunne. Zancen zuwa wajen tsofaffi kuma na ɗauka. Akwai wani dattijo a unguwarmu da aka ce ya yi amshi a ƙuruciyarsa, kullum muna gaisawa a masallaci ban taɓa tambayarsa ba, da shi zan fara. A situdiyo kuma na riga na yi wa yaron magana, duk waƙar da ta fita daga hannunmu za a rubuta wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, wa ya haɗa sauti. Ya ce mawaƙa za su ce muna neman suna da su. Za mu gani.

Ɗan'uwa na Zuru, na karɓi gyara, zan koma in saurari na shi kaɗai ɗin. Baba, Wes na san shi sama-sama ne. Da wanne faifan nasa zan fara?

Tsohon Malami, Argungu

Fara da wanda anka ɗauka a gidan kiɗi na Half Note a 1965, tare da ƙungiyar Wynton Kelly. Kada ka fara da na ƙarshen rayuwarsa masu tarin goge a baya, waɗannan don kasuwa anka yi su, ko da yake su sunka ciyar da iyalinsa, ban zarge shi ba. Kuma ka aje ɗan robar nan mako guda ka gwada da babban yatsa, sannan ka zo ka ba mu labarin kantar yatsa.